Daga Acibalbal Zuwa Kyamara: Tarihin Duhu da Haske a Idon Bakatsine

Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa taka ƙofar gidan silima ba har Allah ya karɓi abinsa. Amma duk abin da na zo na karanta daga baya game da yadda masu shirya fim ke sarrafa haske su tsinka zuciyar mai kallo, a ɗakinta na fara ganinsa, a wani tsohon gidan ƙasa da ke cikin ganuwar Katsina. In an idar da sallar lisha muka taru don tatsuniya, acibalbal ɗinta tana zaune a alkuki, haskenta na sauka a kan kowa daidai wa daida. Muddin labarin Gizo da Ƙoƙi ake yi, nan fitilar za ta zauna. Da zarar an zo inda Dodo zai fito daga ruwa ya tare yarinya, sai Iya ta miƙa hannu ta sauko da ita, ta dire a ƙasa gabanta. Hasken ya bugo ta daga ƙarƙashin haɓa, idanunta su zurma su koma ramuka biyu, inuwarta ta haye bango ta tanƙware a jikin azara. Mu kuwa sai rarrafe, kowa na neman bayan ɗan'uwansa.

"Iya, don Allah ki maida fitilar," in ji autarmu.

"Mi ya same ku? Ni ce dai Iyarku, ban sake ba."

Da gaskiyarta. Fuskar ita ce, ɗakin shi ne, mazaunin wuta kaɗai ya sake. A kan wannan 'yar dabara aka gina wani babban reshe na sana'ar fim, wanda zan kira finafinan zullumi. Ba su dogara da aljani ko yawan harbe-harbe ba. Mutum ne da abin da ke cin ransa: mace tana zargin mijinta na shirin kashe ta, ɗan sanda yana farautar mai kisa har ya fara shakkar hankalin kansa. Dabarar ta yi doguwar tafiya kafin ta iso allon da Bakatsine ke kallo, ta kuma fi daɗewa kafin ta shiga finafinan harshensa.

Dodon bango

Ta ƙofa biyu hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa. Ta farko ita ce majigi, motar gwamnati da ke zuwa gari ta kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a yi shela da rana, a taru bayan magariba. Ana nuna tsabtar muhalli, da allurar rigakafi, da noman gyaɗa da auduga, wani ma'aikaci yana tsaye da lasifika yana fassara wa jama'a. Dattawan Katsina da suka yi ƙuruciya a shekarun 1950 da 1960 har gobe suna tuna fim ɗin Baban Larai. Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na biya, wanda 'yan kasuwa Kwarori suka kawo. An buɗe Rex a Kano a 1937. Mutane suka raɗa wa abin suna dodon bango. A 1951 silimar El Duniya ta Kano ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu, labarin ya game Arewa, ya ƙara wa iyaye hujjar cewa ɗan mutunci ba ya zuwa wurin.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, finafinan majigi da gangan aka yi su lami. Wani jami'in lafiya na Turawa da ya yi aiki a Legas, William Sellers, shi aka ɗora a kan sashen shirya finafinan ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939. Shi da abokan aikinsa sun yi imani cewa baƙar fata wanda bai je makarantar boko ba ba zai gane wasan kyamara ba. Saboda haka suka shimfiɗa ƙa'ida: kyamara ta tsaya wuri ɗaya daidai tsayin idon mutum, kada ta riƙa waige-waige, kada a yawaita yanka hoto, kada a yi tsalle a koma baya cikin labari, komai ya fito sarari a hankali. Akwai labarin da suke yawan kafa hujja da shi, wai an nuna sauro an kusanto da shi har ya cika allo, 'yan kallo suka ce ai su nasu sauron bai kai wannan girma ba, don haka ba su da matsala. Bature ya ɗauka jahilci ne. Duk wanda ya san bakin mutanenmu ya san da wuya in ba shaƙiyanci aka yi masa ba.

Wato yaron da ya kwana yana kallon inuwar kakarsa a bango, shi aka yanke wa hukuncin cewa ba zai gane inuwa a allo ba. A daidai wannan lokaci kuwa, a wasu ƙasashe, inuwar ce ta zama jarin sana'ar.

Inuwar da ta taso daga Jamus

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus ta fito a karye, ga talauci, ga dubban samari da suka dawo daga fagen fama da taɓin hankali. A 1920 Robert Wiene ya fitar da Das Cabinet des Dr. Caligari. Gidajen cikin fim ɗin a karkace suke, tagogi ba su da kusurwar kirki, inuwa kuwa da fenti aka zana ta a bango da daɓe. Sai a ƙarshe mai kallo zai gane cewa wanda ke ba da labarin majinyaci ne a gidan mahaukata, duniyar da aka nuna yadda ƙwaƙwalwarsa ke ganinta ce. Daga nan aka gane cewa allo zai iya nuna cikin kan mutum. A Nosferatu na 1922, F. W. Murnau ya bar mugun a waje, ya nuna inuwarsa tana hawa matakala da dogayen yatsu. A fim ɗin M na 1931, Fritz Lang ya gabatar da mai kisan yara ta hanyar inuwarsa da ta faɗo a kan takardar cigiyarsa, wata yarinya na wasa da ƙwallo a wurin. Da ya zo kisan bai nuna komai ba, sai ƙwallon tana gangarowa ita kaɗai cikin ciyawa.

Yadda abin yake aiki ba boka ba malam. Mai haska wuri yakan kafa fitila uku. Akwai babba, wadda ke haska fuska daga gefe guda. Akwai ta biyu mai taushi a ɗaya gefen, aikinta ta cike inuwar da babbar ta haifar. Akwai ta uku a baya, wadda ke zana gefen kai da kafaɗa don mutum ya rabu da bango. In ukun suna ci, fuska za ta fito fes, mai kallo ya saki jiki; haka ake haska fim ɗin soyayya da na barkwanci. In aka rage ta biyun ko aka kashe ta, rabin fuska sai ya nutse. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, an ba ka rabin fuskar an riƙe rabi, dole zuciyarka ta shiga ƙirƙiro sauran, kuma abin da zuciya ke ƙirƙirowa cikin duhu ba ya zama alheri.

Wani matashi ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya yi aiki a Jamus a tsakiyar shekarun 1920, ya ga yadda ake yi, ya ƙulle a haɓar zane. Shi ne daga baya ya zama uban wannan fanni, a Landan da Amurka. Ya bambanta firgita da zullumi, bambancin da zan kwatanta da namu misalin. Mutum biyu suna hira a kan tabarma, kwatsam maciji ya fito ya sari ɗaya: ka firgita na daƙiƙa biyar, shi ke nan. Amma a ce tun farko an nuna maka macijin ya sulale ƙarƙashin tabarmar, su ba su sani ba, suna ta hirar tsadar gero. Kowace kalma ta hirar nan sai ta zame maka ƙaya. Aikin kyamara ke nan, ta zaɓi abin da za ka sani da lokacin da za ka san shi.

A Suspicion na 1941, miji yana hawa bene da kofin madara zai kai wa matarsa, ita kuwa tana zargin ya sa guba. Hitchcock ya sa an tsoma ɗan ƙaramin ƙwan lantarki cikin madarar, aka dushe hasken matakalar. Idon mai kallo ba ya iya barin kofin nan. A Vertigo na 1958 jarumin yana da tsoron bisa. Da ya leƙa ƙasa daga matakalar hasumiya, sai aka ja kyamara baya, a lokaci guda aka zuƙo hoton da gilashinta, ƙasa ta yi kamar tana gudu tana ƙara zurfi. Wanda ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau yana yaro ya leƙo ƙasa ya san wannan juwar a cikinsa. A Psycho na 1960, kisan da aka yi wa wata mata a banɗaki an kafa masa kyamara sau 78, aka yanka hoton sau 52. Mutane sun fita suna rantsuwa sun ga wuƙa na ratsa jiki, alhali guntaye aka watsa musu: hannu, baki, labule, ruwa na zurarewa. Kowa da kansa ya haɗa sauran.

Wasu suka ɗora a kai. Carol Reed ya karkatar da kyamara a The Third Man na 1949, titunan birnin Biyana suka tsaya a gicciye kamar duniya ta goce daga mazauninta. A The Godfather na 1972, mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya sauko da haske daga saman kan Marlon Brando, idanunsa suka ɓuya. Wannan kam Bakatsine ba ya bukatar a fassara masa. Mun san amawali. Mun san yadda kwarjinin sarki ke ƙaruwa in ya rufe baki da hanci, kai kuma kana durƙushe kana kallonsa daga ƙasa. Abin da kyamara ke yi ke nan in ta ɗauki mutum daga ƙasa, ta durƙusar da mai kallo a gabansa. In ta ɗauke shi daga sama kuma, ta mai da shi abin tausayi. A The Silence of the Lambs na 1991, Jonathan Demme ya sa Anthony Hopkins ya zuba ido cikin kyamara kai tsaye, fuskarsa ta cika allo. A wurinmu da aka tarbiyyantar da mu kan sunkuyar da kai, wannan kallon ya fi zagi nauyi.

Ta Bombay ta iso mana

Inuwar Jamus ba ta hanyar Landan ta fi riskar mu ba, ta Indiya ta zagayo. A tsakiyar shekarun 1930 kamfanin Bombay Talkies ya ɗauko ma'aikata Jamusawa, cikinsu har da mai ɗaukar hoto Josef Wirsching. Shi ya ɗauki Mahal na 1949, fim ɗin Kamal Amrohi da Ashok Kumar da Madhubala suka fito: tsohon gidan sarauta, mace na yawo da dare da wuta a hannu, lilo na kaɗawa ba kowa a kai. Daga wannan fim wani salo ya tsiro a Indiya, ya haifi Madhumati a 1958, da Bees Saal Baad a 1962, da Woh Kaun Thi? a 1964, wanda ya buɗe da likita yana tuƙi cikin ruwan sama da dare, fitilar motarsa ta hasko mace sanye da fararen kaya a tsakiyar titi. A waɗannan shekarun ne finafinan Indiya suka mamaye gidajen silima na Arewa, suka kuma zauna daram.

Yawancin gidajen silimar nan ba su da rufi. Bango ne ya kewaye fili, ga allo, ga benci, sama a buɗe. Don haka fim ba ya farawa sai rana ta faɗi, kamar dai tatsuniya da aka hana mu yi da rana. In allo ya yi duhu, duhunsa sai ya haɗe da na sararin sama, babu iyaka tsakaninsu. Da hunturu ga hazo na ratsa hasken injin, ga sanyi na shiga ƙashi.

Mu da ba a bari mu je, washegari muke samun rabonmu. A kowace unguwa akwai yayan da ya tsallake katanga ya je, da safe a kewaye shi a dakali. Ba ya jin Indiyanci ko kalma goma, amma zai ba ka fim na awa uku bai tsallake komai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmomin da yake amfani da su. "Sai aka nuno ƙafar bos kawai, ba a nuno fuskarshi ba." "Sai aka hasko idonta, ka san ta gane shi." "Sai aka ɗauko shi daga nesa, shi kaɗai cikin daji." Aka nuno, aka hasko, aka ɗauko: yaron da ko firamare bai gama ba ya san akwai wani a bayan hoton da ke zaɓar abin da zai gani, ya kuma san dalilin zaɓin. Da Sellers ya zauna a dakalin nan na rabin awa, da ya yayyaga ƙa'idojinsa.

Da muka karɓi kyamarar

Katsina tana da hannu a farkon fim ɗin Hausa ta wajen alƙalami. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, shi ya rubuta Shaihu Umar a gasar 1933, gasar da Abubakar Imam ya shiga da Ruwan Bagaja yana malami a Midil ta Katsina. Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda duniya ta sani da Kasagi, ya rubuta wasan Kulɓa Na Ɓarna, Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta mai da shi fim a farkon shekarun 1990 a hannun Brendan Shehu. A 1991 Saddik Ɓalewa, ɗan marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fitar da Ƙasarmu Ce, labarin attajirin da ke neman ƙwace ƙasar wani ƙauye saboda duwatsu masu daraja, da kisan da ya biyo baya. Waɗannan an ɗauke su a kan zaren fim na silima, da ma'aikatan da suka koyi aikin haske. Sai dai tsadarsu ta sa ba su yi yawa ba, kuma kaɗan ne suka gan su.

Abin da ya shiga kowane gida shi ne kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kasuwar fim ɗin bidiyo ta buɗe. Cikin shekara goma, Sangaya ya fito a 1999, Wasila a 2000, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, ɗan jihar Katsina, ta fara fitowa a 1999, shagunan hayar kaset suka cika lungunan Katsina daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Harka ta bunƙasa, amma duhu bai samu shiga ba.

Na taɓa zama a wurin ɗaukar wani fim a nan Katsina a farkon shekarun 2000. Sin ɗin na dare ne: kishiya ta lallaɓo ɗakin amarya za ta barbaɗa magani a abinci. Kayan aikin duka kyamara ɗaya ce, da fitila ɗaya mai zafi irin wadda ake kafawa a wurin biki, da janareto yana ruri a ƙofar gida. Aka kunna fitilar ta daki bango, ɗakin ya yi tarwai kamar azahar. Mai ɗaukar hoto, wani saurayi mai son aikinsa, ya ce, "Darakta, da mun kauda wutar gefe, a bar rabin fuskarta cikin duhu." Darakta ya girgiza kai. "Kai dai ƙara wuta. Fuskar nan ita na biya kuɗi, ita kuma 'yan kasuwa za su saya." Haka kishiya ta yi sanɗa cikin hasken da ko allura ta faɗi sai an gan ta.

A lokacin na ga laifin daraktan. Yanzu na san yana da hujja. Kyamarorin zamanin ba sa jure ƙarancin haske, da an rage wuta sai hoto ya cika da yashi. Daga uwar kaset ake kwafar ɗaruruwa, kowane kwafi na rage kyau, sannan a kalla a ƙaramar talabijin da wutar da ba ta kai ta kawo ba. Sin ɗin da aka yi shi da duhu mai ma'ana, kafin ya isa ɗakin matar aure a Rafindaɗi ya zama baƙin allo, a mayar wa mai shago a ce kaset ɗinsa ya lalace. Dilolin Ƙofar Wambai da Bata a Kano, waɗanda su ke yanke abin da zai sayu, fuskar jarumai da waƙa suke tambaya. Ga kuma wata matsala da ta girmi kowa: tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak da hoton farar mace ya riƙa auna daidaiton launi, aka gina kayan ɗaukar hoto a kan farar fata. Wanda bai ƙware ba, in ya ga baƙar fuska ta nutse, abin da ya sani kawai ya ƙara wuta. Da ba a ba ido aikin tsoratarwa ba, sai aka ɗora wa kunne: kiɗan fiyano mai razanarwa, da jarumi yana magana da zuciyarsa a bayyane yana gaya mana abin da ya kamata mu gani a fuskarsa. Ƙa'idar da Bature ya ƙaƙaba mana don raini, sai ga talauci da kasuwa sun sake ɗora mana ita.

Kyamarar da ke gani da dare

Sauyi ya zo daga inda ba a zata ba. A 2008 kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II, kyamarar ɗaukar hoton kati wadda ke ɗaukar bidiyo, mai iya aiki da ɗan haske kaɗan, mai fito da fuska ta dushe abin da ke bayanta. Cikin 'yan shekaru irinta suka cika hannun matasa. Fitilu masu caji marasa zafi suka biyo baya, tace hoto ya koma kan kwamfuta inda ake iya gyara launi, a sanyaya shi ko a ɗumama. Makarantar koyon fim ta Jos ta riƙa yaye masu ɗaukar hoto da suka san yadda ake haska baƙar fata: a bar haske mai taushi ya zame a kanta ta yi sheƙi, maimakon a dake ta da wuta.

Ɗaya daga cikinsu, Yinka Edward, shi ya ɗauki October 1 na Kunle Afolayan a 2014, wanda ya kasance cikakken fim ɗin zullumi na Nijeriya. Labarin wani sufeton 'yan sanda ne ɗan Arewa, Danladi Waziri, da aka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar samun 'yancin kai. Marigayi Sadiq Daba, wanda ya rasu a 2021, shi ya hau matsayin. A kalli yadda aka yi dajin da dare, da yadda fitilar hannu ke haska taku kaɗan ta bar sauran, da yadda kyamara ke tsayawa a kan ramammiyar fuskar Daba ba ya cewa uffan.

A ɓangaren Hausa, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta zo da tsarin aiki mai ma'aikacin haske na musamman, kuma Kwana Casa'in da ya fara a 2019 ya nuna ana iya ƙulla makircin siyasa a ɗaki mai ƙarancin wuta mutane su bi. Shirin Labarina na Aminu Saira ya ƙara ɗaga darajar hoto. The Milkmaid na 2020, wanda yawancinsa da Hausa ne, da Mai Martaba na 2024 da aka ɗauka a Daura, duka Nijeriya ta miƙa su gasar Oscar. Mai kallo ma ya sake. Wayar da ke hannunsa tana nuna baƙi da kyau fiye da tsohuwar talabijin, ga fassarar kamfanin Algaita ta saba masa da finafinan bincike da ruɗani na kudancin Indiya. Ba mai mayar da kaset yanzu.

Abin da ke ƙofar gida

Wanda zai yi fim ɗin zullumi a Katsina ba sai ya gina komai ba, magina sun riga sun yi masa. Zauren gidan ƙasa da tsakar rana duhu ne mai sanyi, ƙofa ɗaya ce ke zubo haske. Duk wanda ya tsaya a bakinta baƙar siffa zai zama, sai ya yi sallama za ka san ko wane ne. Daga zaure zuwa soro zuwa tsakar gida hanyar a karkace take don kada idon baƙo ya wuce, wato gini ne da aka yi shi don ɓoyewa. Lungunan cikin birni ba sa barin ka ga abin da ke gabanka sai ka sha kwana. Hazon Disamba yana shanye mutum tun yana taku hamsin. In aka ɗauke wuta, kowace fuska a teburin mai shayi daga ƙasa wayarta ke haska ta, daidai inda Iya ke dire acibalbal.

Kuma tsoron da za a ba da labarinsa ba na aro ba ne. Mutumin Batsari ko Jibiya ko Ƙanƙara da ya yi gudun hijira zuwa birni ya san abin da hasken babur ɗaya daga nesa ke yi wa cikin mutum da tsakar dare, ya san zargin da ke shiga tsakanin maƙwabta in aka ce akwai mai kai rahoto a gari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan labarin ba ya son a nuna jini. Tocila ɗaya na yawo a jikin danga ta isa, da fuskar uwa ta toshe bakin jaririnta.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata da ke harkar fim ɗin YouTube ya gayyace ni inda suke aiki, a wani tsohon zaure da ke kusa da Gobarau. Sin ɗin na mutum ne da ya dawo gida bayan an biya kuɗin fansarsa, yana zaune da amininsa, yana zargin shi ya sayar da shi. Sun kafa fitila uku. Yaron ya leƙa kyamara, ya ce a kashe ɗaya. Ya sake leƙawa, ya ce a kashe ta biyu, a sauke ta ukun ƙasa kusa da buta. Inuwar aminin ta miƙe ta haye bango har ta taɓa azara. Dattijon da ya ba su aron zauren yana zaune a gefe kan buzu, yana jan carbi yana kallo.

"Kai yaro," ya ce, "ai ba a ganin fuskar tashi."

"Baba, so muke a ƙagu a gan ta."

Dattijon ya yi shiru, ya dubi bangon. Can sai ya tattara buzunsa, ya matso kusa da ƙofa.